Takardar Shiga da Fita: Nazari Kan Wata Ɗalibar Jinya da Kuɗi Ya Kusa Raba Ta da Karatu

A mako na uku da fara aikin koyo a asibiti, wanda ɗalibai ke kira fostin, ɗaya daga cikin yaran da nake sa wa ido ta makara karo na uku. Ƙarfe bakwai masu aikin dare ke miƙa wa masu safe marasa lafiya. Ita sai bakwai da minti arba'in ta shigo, tana haki, farin takalminta ya yi buɗu-buɗu da ƙura. Kwana biyu kafin nan sakamakon gwajin lissafin magani ya fito, ba ta kai makin da ake nema ba. Yarinyar da a shekarar farko ba ta taɓa fita daga sahun gaba a ajinsu ba. Ta yarda in ba da labarinta muddin ban ambaci sunanta ko na makarantar ba.

Da niyyar faɗa na kira ta ɗakin hutun ma'aikata.

Na ce, "'Yata, me ke damunki?"

Ta ce, "Ba komai, Malama."

Sai na gwada ta. Na ce ga ledar ƙarin ruwa lita ɗaya, likita ya rubuta ta shiga cikin awa takwas, robar kuma ɗigo 20 take bayarwa a kowace mililita, ɗigo nawa za ki sa a minti? Kafin in rufe baki ta ce 42. Daidai ne. Kai dai lafiya lau yake. Na tambaye ta ƙarfe nawa ta kwanta jiya, ta ce ba ta kwanta ba. Na tambaye ta me ta ci tun safe, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin aljihun yunifom ɗinta. A nan na ajiye faɗan.

Abin da ya fito

Yayanta ne ke biyan kuɗin makaranta, yana turowa sau biyu a shekara idan ya tara. Mahaifiyarta tana ɗan aiko abin da ya samu. Sauran, wato ci da sha da kuɗin mota da sabulu da katin waya, ita ke nema wa kanta: tana kwana wurin wata dattijuwa mai shanyewar ɓarin jiki, dare huɗu a mako, daga takwas na dare zuwa shida na safe. A shekarar farko abin ya tafi daidai, domin aji yana kusa da ɗakin kwanan ɗalibai, kuma da an tashi da rana takan samu ta runtsa.

Shekara ta biyu ce ta kwance lissafin. An tura ta wani asibiti a can ɗaya gefen gari, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa. Mako takwas, kwana biyar a kowane mako, shiga mota huɗu a rana: kuɗin mota sau 160 ke nan, kuma babu layi ɗaya a takardar kuɗin makaranta da ya ambaci wannan. An ce kowa ya zo da yunifom na biyu saboda wanki ba ya jira, a sabunta gwajin lafiya har da na tarin fuka, a kawo agogo mai hannun daƙiƙa da ɗan tocila da almakashi. Duk waɗannan suka faɗo cikin makonni biyar ɗin da ake rufe biyan kuɗin zango, yayan kuma ya ce sai bayan wata ɗaya da rabi kuɗinsa zai haɗu.

Don kada a hana ta rajista, ta ci bashi a wata manhajar ba da rance ta waya, ruwa kashi 15 cikin ɗari duk kwana talatin. Wa'adi ya cika ba ta da uwar kuɗin, sai ta biya ruwan kawai aka ƙara mata wata. Sau huɗu tana yin haka. Ranar da muka zauna ta riga ta biya kashi 60 cikin ɗari na abin da ta ranta, bashin kuwa yana nan cif kamar ranar farko. Daga nan ta fara taka rabin hanya da ƙafa don ta rage mota ɗaya, ta koma cin abinci sau ɗaya a rana, ta karɓi dare na biyar wurin dattijuwar.

Akwai abin da ya fi tayar mini da hankali, kuma sai a ƙarshen hirar ta faɗe shi, kamar ba komai ba. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B sau uku ake yin ta: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Ta yi biyu, ta ɗaga ta ukun sai ta samu kuɗi. Ga ta kuma kullum hannunta cikin allura da jini. Ma'aikacin da ba shi da rigakafi, idan allurar da aka yi wa mai ɗauke da wannan cuta ta soke shi, haɗarin kamuwarsa yana iya kai wa kashi 30 cikin ɗari, alhali na ƙanjamau ta wannan hanya bai wuce kusan 3 cikin dubu ba. Ta san wannan sarai, ta rubuta shi a jarrabawa ta ci maki. Talauci ne ya sa ta jera shi a layin abubuwan da za su iya jira.

Ni ma ina da laifi. Makararta ta farko da ta biyu, rubutawa kawai na yi a littafin halarta na wuce. Na ga ta rame, na ɗauka wahalar fostin ce da kowa ke sha.

Takardar da ta riga ta iya

Ban kawo mata wani sabon tsarin kasafi ba. Na ciro takardar da muke rubuta ruwan da ya shiga jikin majinyaci da wanda ya fita, wadda ta cika ta fi sau ɗari, na ce ta mai da kanta majinyaciyar. Duk abin da ya shigo hannunta ta rubuta a dama, duk abin da ya fita a hagu, da rana da lokaci, har kwana goma sha huɗu, kada ta gyara komai kuma kada ta ji kunyar komai. Ma'aikaciyar jinya ta san ba a cika wannan takarda da ƙiyasi a ƙarshen aiki, nan take ake rubutawa. Haka ta yi.

Bayan mako biyu muka baza takardun a tebur. Almubazzaranci babu shi, in ban da ɗan abin da take saye a bakin asibiti idan yunwa ta ci ƙarfinta, wanda ya fi dafa nata tsada. Mota da ruwan bashi su ne suka cinye fiye da rabin abin da take samu.

Sai muka ɗauki babbar takarda muka ja layi goma sha biyu, kowane wata da gidansa. Muka sa duk kuɗin da ake sa ran shigowa a watan da zai shigo, duk wanda za a biya a watan da za a neme shi. Da muka tara na shekara gaba ɗaya, giɓin bai kai yadda take tsoro ba, kusan ɗaya cikin goma ne. Amma da ka bi wata-wata sai ka ga wata biyu da suka nutse ƙasa sosai, su ne farkon kowane fostin, ga kuma watannin hutu da ke da ɗan rara wadda ba a taɓa ajiye ta ba saboda ba a san za a neme ta ba. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Malama, ashe kamar ƙarin ruwa ne. Lita ɗayar ce, amma in ta zuba cikin awa ɗaya sai ta yi illa."

A kan wannan nake ganin karatun jinya ya bambanta da yawancin karatu. Ɗalibin wani fanni yana iya ƙara neman kuɗi a lokacin da buƙata ta ƙaru. Ɗalibin jinya kuwa, watan da kashe kuɗinsa ya fi yawa shi ne watan da ba shi da lokacin nema, domin yana tsaye a ɗakin marasa lafiya tun safe har yamma, wani lokaci dare, kuma a mafi yawan wurare ba a biyansa ko sisi. Awoyin nan kuma hukumar da ke ba da lasisi ce ke ƙidaya su, ba a yafe su, wanda ya rasa sai ya rama. Duk kasafin da aka raba shi daidai wa daida a kan watanni goma sha biyu zai karye a makon farko na fostin.

Ba yau aka gane haka ba. Makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860 tana ba ɗalibanta wurin kwana da abinci da ɗan alawus, saboda an san mai koyon jinya aiki take yi. A Ingila ɗin dai, da gwamnati ta janye tallafin ɗaliban jinya a 2017 ta mai da su kan rance, masu neman gurbin karatun suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a wannan shekarar, har a 2020 aka dawo da wani ɓangare na tallafin. A 2020 ɗin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton cewa ma'aikatan jinya a duniya sun kai miliyan 27.9, ana kuma da giɓin miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Idan na tuna wannan adadi, na kuma tuna kuɗin mota ya kusa fitar da yarinya mai ba da amsar ɗigon ruwa kafin a rufe baki, raina yakan ɓaci da yadda makarantu ke buga kuɗin rajista kaɗai su yi shiru a kan sauran.

Abin da muka yi, da yadda ya kaya

Allurar muka fara yi, a ranar. Ba a sake farawa daga ta ɗaya don an yi jinkiri, ta ukun kawai ake cikawa. Sashen lafiyar ma'aikata na asibitin ya yi mata ba tare da ta biya ba. Damar tana nan tun farko, ba wanda ya gaya wa ɗalibai, ita kuma ba ta tambaya ba.

Sai bashin. Na ce mata wannan shi ne jijiyar da ke zubar da jini, sai an ɗaure ta kafin a duba sauran raunuka. A shekarar farko, cikin ɗoki, ta sayi kusan duk littattafan da ke jerin da makaranta ta bayar, sababbi fil, ba ta san cewa biyu ne kawai dole ba, sauran shawara ce. Ta kuma sayi na'urar sauraron ƙirji mai tsada irin ta likitocin zuciya, alhali mai sauƙin kuɗi tana isar ɗalibi ya auna hawan jini ya ji numfashi. Ta sayar da littattafai huɗu ga 'yan shekarar farko, ta sayar da na'urar ta sayi matsakaiciya. Na ga yadda rabuwa da na'urar ya yi mata ciwo, domin ita ce abu na farko da ya sa ta ji ta zama ma'aikaciyar lafiya. Kuɗin ya biya kashi biyu cikin uku na bashin. Ragowar ta kira yayanta ta gaya masa gaskiya, abin da ta shafe wata huɗu tana gudu. Ya yi faɗa, ba a kan bashin ba, a kan ɓoyewar, sannan ya nemo ya cika. Ta goge manhajar a gabana.

Littattafan da ta sayar ba ta rasa iliminsu ba. Ɗakin karatun makaranta yana da su, sai dai a yi sammako. Na nuna mata OpenStax, shafin intanet na Jami'ar Rice da ke Amurka, inda ake sauke cikakken littafin ilimin sassan jiki da aikinsu kyauta, da na ƙananan ƙwayoyin cuta. Makarantu da yawa a ƙasashe masu tasowa kuma suna da damar shiga Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don karanta mujallun lafiya kyauta ko da rahusa, sai dai ɗalibi ya tambayi mai kula da ɗakin karatu. Abu ɗaya na hana ta yi wa rowa: littafin magunguna. Tsohon bugu na ilimin sassan jiki ba ya cutarwa, ƙashi bai canza wuri ba, amma adadin magani da gargaɗinsa suna canzawa, dole a riƙe na yanzu.

Zuwa ofishin kuɗi ya fi komai yi mata nauyi. Gani take kamar roƙo za ta je. Na ce mata ba sadaka za ki nema ba, tambaya za ki yi ko ana raba biya, kuma ki je tun kafin wa'adi, da takardar nan ta wata goma sha biyu a hannunki. Mai zuwa da lissafi a rubuce ana saurarensa dabam da mai zuwa da hawaye ranar rufe rajista. Sun yarda ta biya kuɗin zango mai zuwa kashi uku, biyu daga ciki bayan kuɗin yayanta ya iso. Akwai kuma ɗan asusun taimakon gaggawa a ofishin harkokin ɗalibai. Ta cika takarda, ba ta samu ba, an ce kuɗin wannan shekarar ya ƙare.

Maganar nisa, mun nemi a yi mata musanya da wata ɗaliba da gidansu ke kusa da wancan asibitin. Ba a yarda ba a tsakiyar fostin, kuma na fahimci dalilinsu. Amma a na gaba an duba, aka ba ta inda mota ɗaya ke kai ta, 160 ta koma 80.

Inda muka fi jayayya shi ne aikin dare. Na ce ta rage zuwa dare biyu a lokacin fostin, kuma kada ko ɗaya ya zama daren da za ta wayi gari a ɗakin marasa lafiya. Ta ce, "Malama, in na rage me zan ci?" Tambaya ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Sai na sa ta lissafa mini abin da maimaita darasi ɗaya zai ci: kuɗin sake jarrabawa, in ta sake faɗuwa kuma ƙarin zango guda da kuɗinsa da ɗakinsa da motarsa, ga albashin watannin da za ta yi jinkirin fara aiki. Ta tara, ta kwatanta da abin da dare uku a mako ke kawowa cikin mako takwas. Bai kai ko kusa ba. A karatun jinya babu abin da ya kai maimaitawa tsada, kuma mafi yawan hanyoyin tsimin da ɗalibi ke bi cikin matsi, rage barci da rage ci da tafiyar ƙafa, can suke kai shi.

Bayan kuɗi akwai majinyaci. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka buga a mujallar Nature a 1997, ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, nutsuwarsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda giya ta fara taɓawa. Ita kuwa tana wuce awa 24 sannan ta tsaya gaban kwalbar magani. Na gaya mata kai tsaye cewa ba zan sa hannu a takardar fostin ɗinta ba muddin tana zuwa mini a haka, kuma ba don in hukunta ta ba ne.

Iyalan dattijuwar sun yarda da dare biyu, da sharaɗin ta nemo wadda za ta riƙe sauran. Ta kawo wata 'yar ajinsu da fostin ɗinta bai zo lokaci ɗaya da nata ba, suka riƙa karɓa-karɓa: mai hutu ta ɗauki dare uku, mai fostin ta ɗauki biyu. Wannan dabarar tata ce, ban kawo ta ba, kuma ita ta fi komai aiki. Abinci ma su uku suka haɗa hannu a ɗaki, suna dafawa da yawa kowa ta ɗauki nata a kwano zuwa asibiti.

Ba komai ne ya tafi yadda muka zana ba. Awoyin da ta rasa saboda makara da kwana biyun da zazzaɓi ya kwantar da ita, sai da ta rama su a makon farko na hutu, makon da muka sa ran za ta tara kuɗi. A zango na gaba kuɗin yayanta ya sake jinkiri da mako uku, ta kira ni da dare muryarta na rawa, ta ce tana tunanin sake sauke manhajar. Na ce ta bari gari ya waye ta koma ofishin kuɗi da takardarta. Sun ɗaga mata mako biyu, ragowar makon 'yan ɗakinsu suka rufa mata. Gwajin lissafin magani kuwa ta sake shi ta ci ba kuskure ko ɗaya.

Akwai gida ɗaya a takardar da na sa ta buɗe tun ranar farko duk da ta ce ya yi nisa: kuɗin jarrabawar lasisi da rajista da hukumar jinya, da na zaman watannin da ke tsakanin gama makaranta da albashin farko. Na ga ɗalibai da dama sun gama lafiya sun zauna a gida da ilimi a ka, saboda wannan kuɗi na ƙarshe ya zo lokacin da kowa a gida ya ɗauka an gama biya. Duk daren da ta yi aiki a hutu tana cire kashi ɗaya cikin biyar ta sa a wani asusu da ba ta riƙe katinsa a jaka.

A farkon shekarar ƙarshe wani asibiti mai zaman kansa ya yi wa ɗalibai tayin biyan ragowar kuɗin karatu, su kuma su yi masa aiki shekara huɗu bayan sun gama. Ta kawo mini takardar tana murna. Muka karanta ta layi-layi. Ba a faɗi albashin ba, an ce sai yadda asibiti ya tsara. Wanda ya bar aiki kafin wa'adi zai biya duk abin da aka kashe masa nan take, ko da saura wata ɗaya ya cika. Ba na ƙin irin wannan yarjejeniya, ta fitar da mutane da yawa kunya, kuma da a shekara ta biyu aka kawo ta, lokacin da ruwa ya kai mata wuya, wataƙila da na ce ta sa hannu. Amma yanzu zango biyu ya rage, kuma takardarta ta nuna za ta iya kai wa, ko da da ƙyar. Na ce ta koma ta tambaye su abu uku: nawa ne albashin a rubuce, ko bashin yana raguwa da kowace shekarar da ta yi, da ko za a rage wa'adin tunda shekara ɗaya kawai za su biya. Sun amsa na biyu, sun ƙi na farko da na uku. Ta yi kwana biyu tana shawara da yayanta, ta mayar musu da takardar ba sa hannu.

Yanzu saura wata biyar ta zauna jarrabawar lasisi. Asusun ya kai kuɗin rajistar jarrabawar, bai kai na zaman jiran aiki ba, kuma akwai fostin ɗaya a gaba, na ɗakin haihuwa, mai yawan aikin dare. Ta riga ta gaya wa iyalan dattijuwar cewa a makonnin nan shida ba za su gan ta ba ko sau ɗaya, abokiyar karɓa-karɓarta kuma ta amince za ta riƙe.